Shekarar da muryata ta ɗauke

Tun ina ƙarama aka san ni da murya. In ana so a kira wani daga nesa, ni ake sawa. A firamare ni ke karanta abin da malam ya rubuta a allo don 'yan bayan aji su ji. Har na girma ban taɓa ɗaukar muryar nan a matsayin aron da za a iya karɓewa ba. Gani nake kamar tsawona ce, abin da zan mutu da shi.

Da na zama malamar lissafi sai ta zama jarina. Shekara 17 ina tsayawa gaban aji mai ɗalibai sama da 60, ba lasifika ba komai. Da ita nake koyarwa, da ita nake tsawatarwa, da ita nake tashin mai gyangyaɗi. Abokan aiki kan yi mini tsiya wai 'yan ajin da ke maƙwabtaka da nawa suna samun darasin lissafi a banza. Ina jin daɗin tsiyar, ba zan ɓoye ba.

Akwai wani hali nawa da ba na son faɗa, amma in na bar shi labarin ba zai yi ma'ana ba. Ba ni da haƙuri da "ban gane ba". In yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ban gane ba," sai in ce, "Mene ne ba ka gane ba?" In ya yi shiru, sai in maimaita bayanin da na yi, kalma da kalma, illa dai in ƙara sauti. A lissafina na yi bayani sau biyu ke nan, na fita haƙƙinsa. Su kuwa yaran sai suka koyi gyaɗa kai.

Ciwon ya fara da dishewar murya a ƙarshen mako, ta dawo ranar Litinin. Daga baya ta daina dawowa. Na kai wajen da in na ɗaga murya sai ta tsinke a tsakiyar kalma, iska kawai ke fita. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya zura wata siririyar kyamara ta hancina, ya juyo mini da allo in gani. Wasu 'yan tsoka biyu ne farare, suna buɗewa suna rufewa. Ya ce su ne igiyoyin murya, kuma na mace suna kaɗawa kusan sau 200 a daƙiƙa ɗaya in tana magana. Ya nuna mini wani ɗan tudu a gefen kowace, ya ce kanta ce, irin wadda ke fitowa a tafin hannun mai aikin ƙarfi, kuma malaman makaranta da mawaƙa ne suka fi kawo masa ita. Ya ce in huta, in rage magana, in daina ihu. Na ce to, na koma aji na ci gaba da abin da na saba. Bayan wasu watanni sai da aka yi mini aiki. Mako guda cur aka hana ni furta ko da kalma ɗaya, har raɗa ma an hana, don ashe raɗa ma tana wahalar da igiyoyin. Bayan nan aka ƙayyade mini 'yan mintoci a yini, a hankali, ba a cikin hayaniya ba.

Ranar da na koma makaranta shugabanmu ya kira ni ofis. Da kyakkyawar niyya ya yi maganar. Ya ce, "Malama, ki koma ɗakin karatu ki riƙa kula da littattafai har ki warke, a ba wani azuzuwanki." Na ɗauki takarda na rubuta: "Ranka ya daɗe, a karɓi sauran, amma a bar mini 'yan ajin ƙarshe." Wata biyar ya rage musu su zauna jarrabawa, kuma ni na taso da su tun daga ƙasa. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce zai ba ni wata guda a gani.

Wannan watan shi ne mafi ɗaci a rayuwar aikina. In cika allo da rubutu har kafaɗata ta sage, in juyo in tarar rabin aji na hira. In buga abin goge allo a kan tebur, su yi tsit na minti biyu, su koma. A nan na gane ashe abin da nake rubutawa a allo ƙashi ne kawai, naman duk a bakina yake. Dalilin da ya sa aka tsallaka daga wannan layi zuwa wancan ban taɓa rubuta shi ba, faɗa nake yi. In na dawo gida sai in shige ɗaki in yi kuka, kukan ma mara sauti.

Na fara gwada zauren WhatsApp. Ina warware lissafi a takarda, in ɗauki hoto, in tura. Kafin gari ya waye gaisuwa da barkwanci sun binne hoton. Wanda ya shigo a makare ba ya samun na baya. Yawancin wayoyin ma ba na yaran ba ne, na iyaye ne ko na yayye, kuma lambobin 'yan mata suka zama a buɗe ga kowa a zauren. Na rufe shi bayan kwana goma.

Ƙanena ne ya kawo shawarar shafin intanet. Ya zo duba ni da wata tsohuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ya ajiye a gabana ya ce, "Yaya, ki yi musu waje guda da ba ya motsi. Duk wanda ya buɗe, abu ɗaya zai gani, yau ko wata mai zuwa." A lokacin iyakar sanina da kwamfuta shi ne buga tambayoyin jarrabawa da yatsa biyu.

Ya jera mini hanyoyi. Akwai Google Classroom, wanda aka fito da shi a 2014 musamman don malamai, amma sai kowane ɗalibi ya mallaki asusu da kalmar sirri, ni kuwa yarana aron waya suke yi. Akwai Moodle, wanda Martin Dougiamas na Ostareliya ya fitar a 2002, jami'o'i da yawa da shi suke aiki, amma yana son saba, wato kwamfutar da za ta riƙe shi a intanet, da kuma wanda zai riƙa kula da ita. Akwai WordPress, na buɗe shi na ga maɓallai sun yi mini yawa, na rufe. Akwai Google Sites, inda mutum ke jawo abu da linzami ya ajiye inda yake so. Gaskiyar magana, duk malamin da ya tambaye ni yau, da shi nake cewa ya fara, don cikin yini ɗaya zai ga abin da ya yi. Ni dai ban bi wannan ba, HTML na zaɓa, wato harshen da ake rubuta shafin intanet da shi. Ƙanena ya ce, "Yaya, ke fa malamar lissafi ce, HTML ai alamomi ne kawai," ni kuma girman kai ya hana ni cewa a'a.

Daren farko na zauna da bidiyon koyarwa. Mai bidiyon yana ta cewa abin mai sauƙi ne, yatsunsa na gudu, allo na canzawa kafin in gama ganin na baya. Na mayar da shi baya ya fi sau goma. Na buɗe Notepad, manhajar buga rubutu ta Windows, na kwafi abin da ya rubuta, harafi da harafi, na adana da sunan da ya ce, index.html. Na danna fayil ɗin. Maimakon shafi ya buɗe a burauza, wato manhajar da ake duba shafukan intanet da ita, sai rubutuna ya sake buɗewa a Notepad yana kallona. Na goge na sake, haka. Dare na biyu ma haka.

A dare na uku na tura wa ƙanena saƙo: "Ban gane ba."

Ya amsa nan take: "Mene ne ba ki gane ba?"

Na riƙe wayar ina kallon kalmomin nan. Na fara rubuta amsa na goge, na sake na goge. Ban san me zan ce ba. Ban san sunan abin da ya ƙi ba, ban san a wane mataki na ɓata ba, ban ma san ko matsalar a rubutun take ko a kwamfutar ko a kaina ba. Da na san abin da ban gane ba, ai da na gane rabinsa. Da ya ji shiru, sai ya sake turo mini bidiyon nan dai da na kwana biyu ina kallo, ya ƙara da cewa in kalla da kyau.

Ban yi fushi da shi ba, don tambayar tawa ce, har da yadda aka jera kalmomin. Fuskoki suka riƙa zuwar mini ɗaya bayan ɗaya, na yaran da suka ɗaga hannu sau ɗaya ba su ƙara ba. Wasu sun gama makaranta tuntuni, wasu ma na manta sunayensu, amma ban manta yadda suke sunkuyar da kai ba in na sake bayanin da ƙarfi. Shekara 17 ina zaton taurin kai ne ko rashin kula. Na kashe kwamfutar na kwanta, barci bai zo ba.

Washegari ƙanena ya zo da kansa. Bai tambaye ni komai ba, cewa kawai ya yi in sake yi a gabansa tun daga farko. Ina kaiwa wajen adanawa ya ce in tsaya. Ashe Notepad yana liƙa wa sunan wutsiyar .txt, ainihin sunan fayil ɗin ya koma index.html.txt, kuma Windows na ɓoye wutsiyar ƙarshe, shi ya sa ni ban gani ba. Haruffa uku da ɗigo ɗaya suka hana ni barci dare uku. Ya gyara, na danna, sai ga farin shafi da baƙin rubutu babba: Ajin Lissafi. Na tafa hannu kamar yarinya, tun da ba ni da bakin yin ihu.

Daga nan abin ya fara shiga. Alamomin da HTML ke aiki da su na san su, su ne < da > da nake koyarwa a darasin wanda ya fi da wanda bai kai ba. Ana sa harafi ko kalma a tsakaninsu ta zama umarni ga burauza: p na nufin sakin layi, h1 babban kanu, a mahaɗin da ke kai mutum wani shafi, img hoto. Yawancinsu in ka buɗe sai ka rufe da irinsa mai karkataccen layi a gaba, kamar baka biyu a lissafi. Na ji daɗin wannan sosai, don duk malamin lissafi ya san abin da buɗaɗɗen baka da ba a rufe ba ke jawowa. Wata rana na manta ban rufe kanu ba, duk shafin ya zama manyan haruffa har ƙasa, sai na tuna sau nawa na ja wa yara jan biro a kan wannan laifin.

Na yanke shawarar rubuta bayanin kowane mataki da Hausa a gefen lissafin, irin bayanin da nake yi da baki in na ga ido ya raina fata. A nan wata sabuwa ta ɓullo. Haruffanmu masu lanƙwasa suka rikiɗe. Inda na rubuta "ƙari" sai burauza ta nuna "Æ™ari". Na ɗauka kwamfutar ce ta lalace. Ashe dole ne a gaya wa burauza, a layi ɗaya a saman shafi, cewa da tsarin UTF-8 aka adana rubutun, in ba haka ba sai ta yi hasashe, ta karanta harafi ɗaya a matsayin biyu. Ina sa layin, ƙ da ɗ da ɓ suka dawo mazauninsu.

Da na haɗa darasi uku, na kwafi adireshin da ke saman burauza na tura wa ƙanena cike da alfahari. Ya kira ni yana dariya har da tari. Adireshin ya fara ne da file da C, wato hanya ce zuwa cikin kwamfutata, ba wanda zai iya buɗe ta a duniya sai ni. Ranar na fahimci mene ne saba: wata kwamfuta ce da ba ta barci, kullum a haɗe da intanet, wadda ake ajiye fayiloli a cikinta, duk wanda ya buga adireshi ta miƙa masa. Ya buɗe mini asusu a GitHub, inda suke da wani tsari mai suna GitHub Pages da ke ɗaukar irin wannan shafi mara nauyi. Na ɗora fayilolina, bayan 'yan mintoci shafin ya bayyana a wayata.

Rubutu ya fito, hotuna suka ƙi. In na danna mahaɗin darasi na biyu sai in ga lamba 404, wadda ke nufin saba ta duba ba ta samu abin da aka nema ba. A kwamfutata kuwa komai na aiki sumul. Ƙanena ya yi tafiya, kuma na gaji da damunsa. Ranar na zauna a aji bayan an tashi, kwamfuta a gaba, na yi tagumi. Wani yaro ya dawo ɗaukar jakarsa. Yana cikin masu zama a can baya, bai taɓa cin rabin maki a wurina ba, kuma na sha faɗa masa maganganun da yanzu ba zan iya maimaitawa ba. Ya tsaya daga nesa ya ce, "Malama, lafiya?" Na juya masa allon. Ya matso a ɗarare, ya duba sunan fayil, ya duba abin da na rubuta a mahaɗin, ya sa yatsa ya ce, "Malama, nan D babba ce, nan kuma ƙarama." Na sa wa fayil suna Darasi2, a mahaɗin kuma na rubuta darasi2. Windows ba ta damu da bambancin ba, sabar kuwa ta ɗauke su sunaye biyu daban. Na gyara, shafi ya buɗe. Na rubuta masa a takarda, "A ina ka koya?" Ya ce ba a ko'ina ba, shi dai yana lura da abu in ya bambanta da ɗan'uwansa. Daga ranar ya zama mai duba mini shafi kafin in sanar wa aji.

Sai kuma son burgewa ya kama ni. Na gano CSS, abin da ake yi wa shafi ado da shi, na shiga zuba launuka. Na sa bango mai zane, na sa kanu mai walƙiya, na sa hoton makaranta babba a sama. Na nuna wa abokan aiki a babban allon kwamfuta, aka yi ta yabo. Na rubuta adireshin a allo da manyan haruffa, na ba da aikin gida daga ciki. Mutum 9 ne kawai suka yi. Na ɗauki alli na rubuta musu doguwar magana a kan lalaci da rashin godiya, har allin ya karye.

Washegari wata yarinya mai shiru-shiru ta tsaya bayan darasi. Ta fito da wata ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi ta ce, "Malama, ta mamana ce, na roƙa ta ba ni in nuna miki." Ta buga adireshin. Muka tsaya muna kallo. Bango ya fito, sannan hoton makaranta ya fara saukowa layi-layi kamar ana jan labule. Minti ɗaya, minti biyu. Lissafin da ake nema yana can ƙasa bai ko fara fitowa ba. Rubutun da ya fito kuwa ƙanana ne kamar tururuwa, sai an ja da yatsu biyu, in an ja kuma rabin layi ya ɓace a gefe. Ta ce a hankali, "Jiya a nan datar ta ƙare, aka yi mini faɗa."

Da na koma gida na duba nauyin hotunan. Kowane ɗaya, yadda ya fito daga kyamarar waya, ya kusa megabait 4, kuma akwai 6 a shafi guda. Megabait 24 ke nan don yaro ya ga lissafi shida. Ban taɓa buɗe shafin a wata waya ba sai tawa, a kan intanet ɗin makaranta.

A cikin karance-karancen da na yi a makon na ci karo da shafin intanet na farko a duniya, wanda Tim Berners-Lee, Baturen Ingila, ya yi a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Geneva. A 1989 ya gabatar da shawarar tsarin, a 1991 aka buɗe shi ga mutanen waje, a 1993 kuma CERN ta sake shi ga kowa ba tare da neman komai ba. Har yanzu ana iya buɗe kwafin shafin. Farin bango ne da baƙin rubutu da mahaɗai, ba hoto ko ɗaya, kuma kafin ka ɗauke yatsa ya buɗe. Na dube shi, na dubi nawa mai walƙiya, kunya ta kama ni. Na cire bango, na cire hoton makaranta. Lissafin da za a iya bugawa na buga shi da rubutu, har na koyi umarnin sup da ke ɗaga ƙaramar lamba sama don rubuta x². Zanen da dole sai hoto, na rage shi ya koma ƙasa da kilobait 100. Na ƙara layi ɗaya a sama mai ɗauke da kalmar viewport, wanda ke sa shafi ya daidaita da faɗin fuskar waya. Na mayar da kowane darasi shafinsa daban, da kwanan wata a kai. Na roƙi yarinyar nan ta sake aro wayar. Wannan karon kafin ta ɗago kai ya buɗe. A makon da ya biyo baya fiye da rabin aji suka kawo aikin gida, waɗanda ba su da waya kwata-kwata kuma na riƙa buga musu shafukan a takarda. Wata gudan da shugaba ya ba ni ya wuce, bai sake tayar da maganar ɗakin karatu ba.

Kuskurena mafi muni a lokacin da abubuwa suka fara kyau na yi shi. Na yi musu gwaji, na ga hanya mafi sauƙi ta ba da sakamako ita ce in ɗora a shafin. Na jera sunaye cikakku da maki, daga na sama zuwa na ƙasa, yadda muka saba liƙawa a bangon aji. Ban tsaya na yi tunanin cewa bangon aji mutum 60 ke gani ba, shafin intanet kuwa duk mai adireshi. Cikin kwana biyu hoton jerin ya zaga wayoyin 'yan wasu azuzuwa da na iyaye. Sunan da ke can ƙarshe na yaron nan ne da ya nuna mini D babba da ƙarama. Shi ke duba mini shafi, amma wannan na ɗora shi da dare ban jira shi ba.

Bai zo makaranta ba kwana huɗu. A na biyar mahaifinsa ya zo. Bai ɗaga murya ba, da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Malama, na san ɗana ba ya ja a lissafi. Amma da ke da shi da ni ya kamata mu sani." Shugaba ya umarce ni in cire jerin nan take, na cire. Da na gaya wa ƙanena sai ya ce bai wadatar ba, don GitHub na ajiye tarihin kowane canji, kuma ma'ajiyar tawa a buɗe take, wanda ya san hanya zai iya komawa baya ya ga abin da aka goge. Cikin firgici na share ma'ajiyar gaba ɗaya. Sai da na gama na tuna cewa makonni uku ke nan ina gyara darussa kai tsaye a can, ban sauko da kwafi ko ɗaya a kwamfutata ba. Darasi 11 suka tafi. Hotunan jerin da mutane suka riga suka ɗauka kuwa ba ni da ikon goge su, suna nan a wayoyinsu.

Ranar da yaron ya dawo, ya wuce can baya bai kalle ni ba. A lokacin an yarda mini in yi magana ta 'yan mintoci a yini, ina tattalinsu kamar ruwa a gora. Na tsaya gaban aji na ɗaga hannu har aka yi shiru. Wata uku rabon da su ji muryata. Da ta fito, siririya ce, a shaƙe, sai da 'yan baya suka miƙo wuya. Na ce na yi kuskure da na sa sunayensu da makinsu inda kowa zai gani, ba ni da hujja, kuma ina neman afuwarsu, musamman wanda abin ya fi shafa. Ban ambaci sunansa ba. Ban taɓa ba ɗalibi haƙuri ba kafin wannan rana. Bai ce komai ba, kuma ya yi mako biyu bai zo kusa da teburina ba. Sannan wata rana bayan an tashi ya ajiye mini littafinsa. Ashe kusan duk darussan da suka ɓata ya kwafe su da hannu tun lokacin da yake duba mini su. Daga littafinsa na sake buga guda 9. Sauran biyun na sake rubuta su daga farko.

Tun daga nan ba suna, ba maki, ba hoton fuskar yaro a shafina. Kuma ba na gyara komai a can sai na fara gyarawa a kwamfutata, da kwafi na biyu a wani waje.

Jarrabawa ta zo ta wuce. Sakamakon ajin bai fi na shekarun baya da wani abin a zo a gani ba, bai kuma gaza ba. Yarinya mai wayar mamanta ta ci da kyau. Yaron bai ci lissafi ba a wannan zama, sai a na biyu. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a kusan duk duniya, har hukumar UNESCO ta ce ɗalibai sama da biliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, shafin ya yi wa waɗanda ke da waya amfani, kuma abokan aiki uku suka koyi yin nasu a wurina. Waɗanda ba su da waya kuwa ban iya yi musu komai ba a watannin nan, kuma har yau abin na damuna.

Muryata ta dawo, amma ba irin ta da ba. In na yi darasi biyu a jere sai ta fara tsinkewa, don haka ina amfani da ƙaramar lasifika da ake ratayawa, kuma 'yan aji na kusa sun daina samun lissafi a banza. A shafin yanzu kowane layi na lissafi yana da lambarsa a gefe, 1, 2, 3, har ƙasa. In yaro ya ce bai gane ba, sai in ce ya gaya mini layi na ƙarshe da yake tare da ni. In ya kasa, sai in ja kujera in zauna kusa da shi in ce ya sake yi a gabana tun daga farko. Makon jiya wata yarinya ta ce a layi na 4 ta tsaya. Na duba, ashe tsakanin 4 da 5 na tsallake mataki guda, irin wanda da nake cike shi da baki. Shekara shida darasin yana nan a haka, ba wanda ya faɗa. Daren nan na buɗe fayil ɗin na ƙara layin, na sake jera lambobin.